Fiyano ba shi da baki, to ta ina addini ya shiga kiɗansa?

Istifanus:
Salama gare ku 'yan uwa. Tambaya gare ni, amma bari in fara da abin da ya jawo ta.

Kun san shekarata biyu ke nan a Katowice, ƙasar Poland, wajen karatu. Ɗakin da nake haya na wata tsohuwa ne da ta haura tamanin, Babca nake ce mata kamar yadda jikokinta ke kiranta. Daren jajibirin Kirsimeti ta rantse ba zan kwana ni kaɗai a ɗaki ba. Su al'adarsu ba a zama cin abinci sai tauraron farko ya fito, ba a cin nama sai kifi, kuma akan ajiye faranti ɗaya da kujera babu kowa saboda baƙon da ba a zata ba. Ni na zama baƙon.

Da aka gama ci, jikarta ta buɗe tsohon fiyanon da ke falo ta kama wani kiɗa da suke ce wa Scherzo na ɗaya, na Chopin, shahararren mawallafin kiɗan ƙasarsu. Farkonsa kamar an saki ƙanƙara a kan rufin kwano, hannun yarinyar ko ganinsa ba a yi don gudu. Can sai kiɗan ya lafa, ya koma wani lallausan abu mai lilo. Kawai sai na ji Babca ta fara rerawa ƙasa-ƙasa, cokali na hannunta ba ta ajiye ba, hawaye na zuba. Na tambayi jikar daga baya, ta ce ai wannan wurin waƙar Kirsimeti ce, "Lulajże Jezuniu", waƙar rarrashin jariri Yesu ya yi barci, kowane yaro a ƙasar ya san ta.

Abin da ya ɗaure mini kai, wannan kiɗan yana cikin wayata tun ina gida, na ji shi ya fi sau hamsin. Ni da nake kaɗa wa cocinmu kibod shekara shida, ban taɓa jin Yesu a cikinsa ba. To kiɗan addini ne ko ba na addini ba?

Malam Nasiru:
Wa alaikassalam Istifanus. Ai ka ba kanka amsa. Ka ji shi sau hamsin ba ka ji komai ba, don babu komai ɗin. Addini magana ce: umarni, hani, addu'a, yabo. Katako da waya ba su yin addu'a. Tsohuwar ce ta zo da waƙarta daga cikin kanta ta ɗora.

Sale Ɗan Makaɗa:
Allah gafarta Malam, a nan kam ban bi ka ba. Ni gidan kalangu na tashi. Kakana kiɗan mahauta yake yi, in ya matse kalangu a hammata ranar kasuwa, mutumin da ke can bakin rafi ya san an yi yanka, har ya san na wane ne. Bai buɗe baki ba fa. Kowane mahaucin kirki da takensa, kowane ɗan dambe da nasa, manomi ma a gayya in aka kaɗa masa nasa sai ka ga kunya biyu yake haɗawa. Ka kawo Bature ka tsayar da shi a wurin, ƙara kawai zai ji. Za ka ce don Bature bai ji ba, kalangun bai yi magana ba?

Abin da Istifanus ya gani take ne. An kaɗa wa tsohuwa takenta ta amsa.

Malam Nasiru:
Kalangu daban, Sale. Harshenmu yana da hawa da sauka, ganga tana bin muryar kalmar ne sak. Shi fiyano me yake bi?

Sale Ɗan Makaɗa:
Muryar waƙar mana, Malam. Da ta kalma da ta waƙa duk murya ce.

Anti Rifkatu:
Sale ya ɗauko zaren. Bari in sa baki tunda abin da nake koyarwa ke nan.

Istifanus, ba haɗari ba ne waƙar ta shiga wurin, Chopin ne ya sa ta da hannunsa. Ya bar Warsaw, babban birninsu, a farkon Nuwamban 1830, kafin watan ya ƙare tawaye ya ɓarke a kan mulkin Rasha, shi kuma bai sake taka ƙasar ba har ya mutu a Paris a 1849. Kirsimetin 1830 a Vienna ya yi ta, nesa da kowa nasa. An buga wannan Scherzo a 1835. Yanzu ka sake saurara: haukan da ke farko, waƙar rarrashi a tsakiya, sannan ka lura yadda ake katse rarrashin da wani bugu mai tsawa kamar an banko ƙofa ana tsakiyar lallaɓa jariri. Mutumin ma yana saurayi ya kaɗa ogan a wani coci a Warsaw, kuma akwai wani kiɗansa na dare da ya rubuta "religioso" a kan wani sashe, wato a kaɗa shi da natsuwar ibada. Zuciyarsa, ainihin tsokar nake nufi, tana cikin ginshiƙin cocin Gicciye Mai Tsarki a Warsaw, yayarsa ce ta kai ta gida.

Amma Chopin tsohon zance ne. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na baya-bayan nan, kuma akwai wani abu da ya kamata a sani tukun. Fiyano ba kayan coci ba ne a wajen Katolika. A 1903 Fafaroma Pius na 10 ya fitar da doka kan kiɗan ibada, a ciki ya hana fiyano a coci ƙarara, tare da ganguna da makamantansu. Ogan da muryar mutum su ne 'yan gida. Shi ya sa in ka duba manyan ayyukan addini na mawallafan kiɗan Poland a ƙarni na 20, kusan duk na mawaƙa ne, ko su kaɗai ko tare da gungun makaɗa: Stabat Mater na Szymanowski, Shan Wuyar Almasihu bisa ga Luka na Penderecki a 1966, Totus Tuus na Górecki a 1987. Shi fiyano kayan falo ne. Addini in zai shiga cikinsa ba ya shiga da kalmomi, sai dai ya saɗaɗo: guntun waƙar coci, ko tafiyar murya huɗu a hankali irin ta mawaƙan coci, ko bugun ƙararrawa, ko maimaici.

Istifanus:
Anti, kina nufin shekara shida ina karya doka? 😂

Anti Rifkatu:
Kai ba Katolika ba ne, ƙanena, kuma su ma abin ya sassauta tun bayan babban taron Vatican na shekarun 1960. Kaɗa abinka.

Baba Yohanna:
Mu da muke buga tulu da kacau-kacau a coci fa, me za a ce da mu? Allah ya sa Fafaroman bai ji labarinmu ba.

Hadiza:
Anti don Allah ba mu misali ɗaya na zamanin nan da za mu nema mu ji. Ni dai sunayen nan ko karanta su ban iya ba.

Anti Rifkatu:
Nemi Wojciech Kilar, kiɗan fiyano da gungun makaɗa na ɗaya, na 1997. Wataƙila ma kin taɓa jin hannunsa ba ki sani ba, shi ya yi kiɗan fim ɗin Dracula na 1992 da wani ɓangare na The Pianist. An haife shi a 1932, ya rasu a 2013, kuma a nan Katowice inda Istifanus yake ya yi yawancin rayuwarsa. Mutum ne da bai ɓoye addininsa ba, yana yawan zuwa Jasna Góra a Częstochowa, gidan sufayen da hoton Maryamu mai baƙar fuska yake, wanda duk ƙasar ke kai wa ziyara.

Kiɗan kashi uku ne. Na farko ɗan guntun abu ne fiyano yake ta juyawa, ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, minti da minti, sauyin kaɗan-kaɗan ne kamar yadda inuwa ke matsawa. Na biyu ya sa masa suna Corale, ya kuma rubuta a kai "Largo religiosamente", a ja shi a hankali cikin ibada. Yatsu suna sauka tare ne, dunƙule bayan dunƙule, kamar jama'a sun miƙe a coci suna rera baiti. Babu wata bajintar gudu. Ɗalibina ɗan shekara sha huɗu zai iya danna waɗannan maɓallan, abin da ba zai iya ba shi ne haƙurin barin kowane sauti ya mutu kafin ya taɓa na gaba. Na uku kuma sai a ɓarke da gudu.

Kilar yana da wani aikin na 1984, Angelus, inda mawaƙa ke farawa da karanta addu'ar gaisuwar Maryamu da baki, ba rerawa ba, suna ta maimaitawa kamar yadda ake yi da carbi. In ka ji wannan tukun sannan ka koma kashin farko na kiɗan fiyanon, za ka ga daga inda maimaicin ya fito. Wannan kam fahimtata ce, ban ce shi ya faɗa ba.

Hadiza:
Na saurari na farkon yanzu a kicin. Gaskiya minti uku na farko na zaci intanet ce ta maƙale. Daga baya kuma sai na ga na daina yankan albasar na tsaya.

Malam Nasiru:
Maimaici kam na san shi. Duk wanda ya taɓa zama inda ake wuridi bayan la'asar ya san abin da maimaita kalma ɗaya ke yi wa zuciya. Amma can kalmar ce ake maimaitawa, sunan Allah ne. A cire kalmar, me ya rage? Injin niƙa ma maimaici yake yi.

Sale Ɗan Makaɗa:
Kai Malam! Injin niƙa!

Kwamared Aminu:
Ku duka kuna kewaye-kewaye. Wannan ba addini ba ne, siyasa ce da kasuwa. Ƙasar nan an shafe ta daga taswira daga 1795 zuwa 1918, shekara 123, Rasha da Prussia da Austria suka raba ta kamar naman watanda. Rasha 'yan Orthodox, Prussia 'yan Furotesta. To me ya rage wa mutum ya nuna shi ɗan Poland ne? Harshe da coci. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma gwamnatin kwaminis ta zo, har ta tsare shugaban cocin, Kadinal Wyszyński, daga 1953 zuwa 1956. Duk wanda yake son ya tsokane wa gwamnati ido ba tare da an kama shi ba, sai ya ɗauko waƙar coci. Tuta ce, ba addu'a ba.

Kasuwa kuma, ku duba simfoni na uku na Górecki, wato dogon kiɗansa na gungun makaɗa. Faifan da aka fitar a 1992 ya sayu fiye da miliyan ɗaya, abin da irin wannan kiɗan bai saba gani ba. Daga nan kowa ya gane tsarki yana kawo kuɗi.

Anti Rifkatu:
Kwamared, rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma lissafin bai fita ba. Górecki ya rubuta wannan simfoni a 1976. Da aka fara kaɗa shi a Faransa a 1977 masu sharhi ba su yi masa da daɗi ba, don a lokacin abin da ake yayi shi ne kiɗa mai sarƙaƙiya da ƙaraji, shi kuma ya zo da abu mai sauƙi kamar waƙar ƙauye. Shekara 16 ya yi kafin kasuwar ta zo. Wane ɗan kasuwa ne zai kasa kaya ya jira shekara 16?

Kuma abin ya jawo masa asara. Karol Wojtyła tun yana Kadinal na Kraków ya ba shi aikin rubuta kiɗan Beatus Vir. Kafin a gama, mutumin ya zama Fafaroma a Oktoban 1978. Aka kaɗa aikin a gabansa a Kraków a Yunin 1979, kuma a wannan shekarar Górecki ya ajiye shugabancin makarantar kiɗa ta Katowice saboda takun-saƙa da hukuma.

Tunda fiyano muke magana, akwai shi a cikin simfonin nan, amma aikinsa kaɗan ne ƙwarai. Kashin farko masu goge ne suke ta hawa kan juna tun daga can ƙasa, kusan kwata na awa. Sai komai ya tsaya, fiyano ya buga sauti ɗaya tak, ya sake, ya sake, kamar ƙararrawar coci daga nesa. Sannan muryar mace ta shigo da makokin Maryamu a kan ɗanta, rubutun ƙarni na 15. Kashi na biyu kuma kalmominsa daga bangon kurkukun Gestapo, 'yan sandan asirin Jamus na zamanin Hitler, aka kwafo su a garin Zakopane, wata yarinya 'yar shekara 18 ce ta karce su a 1944, tana ce wa mahaifiyarta kada ta yi kuka, tana roƙon Maryamu ta tsaya mata. Kwamared, ka ce mini wannan tuta ce ko addu'a? Ni na kasa raba su, kuma ina jin yarinyar ma ba ta raba ba.

Kwamared Aminu:
Yarinyar na yarda. Wanda ya sayar da faifan ne ban yarda da shi ba.

Baba Yohanna:
Ku bar ni in yi ɗan tsohon labari. Wannan Fafaroman da kuke ambato, John Paul na 2, na gan shi da idona a Kaduna a Fabrairun 1982, a Dandalin Murtala, ranar da ya naɗa sababbin fada-fada. Ina ɗan shekara sha bakwai, tun asuba muka fito da ƙafa, hazo ya rufe gari. Abin da ban sani ba a lokacin, sai da na girma na haɗa lissafi, wata biyu ke nan kacal da sojoji suka ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a ƙasarsu, ranar 13 ga Disamban 1981. Mutum yana tsaye a gabanmu yana murmushi yana sa albarka, ashe gidansu na ci da wuta. Ba shi da alaƙa da fiyano, amma na ce in faɗa.

Istifanus:
Yana da alaƙa Baba. Babca in ta fara labarin wannan hunturun ba ta gamawa. Ta ce an yanke wayoyin tarho, tankoki a kan titi, kuma a nan Katowice aka harbe masu haƙar kwal tara a ma'adinin Wujek. Ta ce mawaƙa da 'yan wasa da yawa sun ƙaurace wa talabijin na gwamnati, sai a coci ake zuwa jin waƙa da kallon wasa.

Moussa Damagaram:
Salamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan Polonya muke cewa. Ina so in ƙara wanda na fi so, Arvo Pärt, ɗan guntun kiɗansa na fiyano na 1976, Für Alina. Minti biyu ne ko uku amma kamar an buɗe taga.

Anti Rifkatu:
Kiɗan yana da kyau Moussa, amma Pärt mutumin Estoniya ne, kuma ɗan Orthodox. Ana yawan haɗa shi da Górecki a kwando ɗaya don duk suna tafiya a hankali, shi ya sa.

Moussa Damagaram:
Na gode da gyara, Anti. To bari in rama da wanda na tabbata. Wanda ya fito fili ya rubuta wa fiyano addini da suna, Bafaranshe ne, Olivier Messiaen. A 1944 ya yi kiɗa kashi 20 a kan jariri Yesu, kusan awa biyu, fiyano shi kaɗai, kowane kashi da sunansa da bayaninsa. Kuma shahararren kiɗansa na mutum huɗu kan ƙarshen zamani, a sansanin fursunonin yaƙi aka fara kaɗa shi a Janairun 1941, a Görlitz, shi da kansa a kan wani fiyano da ya sha jiki. Filin sansanin yau yana cikin Polonya, garin Zgorzelec. Abin da nake so in ce, shi Bafaranshen yana rubuta maka a sama: ga abin da nake nufi. Su mutanen Polonya sau da yawa ba su rubutawa, sun san nasu za su gane.

Sale Ɗan Makaɗa:
Yauwa. Mai kaɗa wa ɗan gida take ba ya tsayawa fassara.

Anti Rifkatu:
Akwai wanda ya rubuta a sama, kuma ya sha suka. Penderecki. Ya fara wani kiɗan fiyano da gungun makaɗa a 2001, da niyyar abu mara nauyi. Sai harin 11 ga Satumba ya faru a Amurka, ya sauya hanya, ya saka wata waƙa mai kama da ta coci wadda ke leƙowa a hankali, ta ɓace, ta dawo, har a ƙarshe ta fito da dukan ƙarfin ƙahoni da ƙararrawa. Ya sa wa aikin suna Tashi Daga Matattu. An fara kaɗa shi a Amurka a 2002, Emanuel Ax ne a kan fiyano, ya kuma sake gyara shi a 2007. Da aka kawo shi gida, wasu masu sharhi a Poland suka yi masa ca, suna ganin abin ya yi yawa, kamar ana tura wa mutum hawaye dole.

Ni ma in faɗi gaskiya, duk girman Penderecki, wannan bai kama ni ba. Na fi son sautin nan guda ɗaya na Górecki. In mutum ya cika ɗaga murya wajen addu'a sai in fara tunanin da wa yake.

Kwamared Aminu:
Kin dawo layina ke nan, Anti.

Anti Rifkatu:
Ban dawo ba. Na ce bai kama ni ba, ban ce ƙarya yake ba. Mutumin da ya rubuta Shan Wuyar Almasihu a 1966, shekarar da coci ke bikin cika shekara 1000 da baftismar sarki Mieszko a 966, gwamnati kuma na ƙoƙarin danne bikin da nata bikin, ba a New York ya koyi addini ba.

Moussa Damagaram:
Wani abu kuma da zai ba Malam Nasiru sha'awa, ko ya ɓata masa rai. Szymanowski da Anti ta ambata ya zo Afirka ta Arewa a 1914, ya je Aljeriya da Tunisiya, har Biskra a bakin sahara. Ya koma gida kunnensa cike da abin da ya ji. Simfoninsa na uku a kan baitocin Jalaluddin Rumi, mawaƙin Sufaye, ya gina shi. A 1918 kuma ya yi waƙoƙi shida na murya da fiyano a kan wani ladani da so ya kama, muryar tana lanƙwasa irin ta kiran salla amma zancen na mace ne.

Malam Nasiru:
Subhanallahi. To wannan kam bai yi ba. Kiran salla ba abin da za a ɗauka a yi waƙar soyayya da shi ba ne, ko wane ne shi. Ya ji abu daga nesa ya yi masa daɗi a kunne, bai san nauyinsa ba.

Sale Ɗan Makaɗa:
Allah gafarta Malam, da izininka. Ɗazu ka ce murya ba ta ɗauke da komai in babu kalma. Yanzu kuma lanƙwasar murya ta ɓata maka rai.

Malam Nasiru:
Ba lanƙwasar ba ce, haɗin ne.

Sale Ɗan Makaɗa:
To in wani ya kaɗa muryar kiran salla a fiyano a gidan rawa, babu kalma ko ɗaya, za ka ce katako da waya ne?

Malam Nasiru:
Zan tashi in bar wurin.

Na ji inda ka nufa, Sale, kuma ba zan yi gardamar banza ba. Na yarda murya tana iya zama alama, kamar yadda hasumiya ba salla ba ce amma in ka hango ta ka san masallaci ne. Inda ban sauka ba shi ne a kira alamar ibada. Tsohuwar da ta rera, ita ta yi addu'a a addininta. Fiyanon tuna mata ya yi.

Ladi (mai kula da zaure):
Jama'a a ci gaba a hankali kamar yadda ake yi, kowa ya san dokar zauren kan addinin wani. Na goge saƙo ɗaya, mai shi ya san kansa.

Hadiza:
Ni tambayata daban ce. In haka ne, ke nan mu da ba mu san waƙoƙin cocinsu ba, rabin abin kawai muke ji? To me ya tsayar da ni da albasa a hannu?

Anti Rifkatu:
Tambayar da ta fi wuya ke nan, Hadiza. Ina jin abu biyu ne. Akwai take, kamar yadda Sale ya ce, wannan sai ɗan gida. Panufnik, wanda ya tsere zuwa Ingila a 1954, ya gina Sinfonia Sacra a 1963 a kan Bogurodzica, tsohuwar waƙar Maryamu da mayaƙansu suka rera kafin yaƙin Grunwald a 1410. Ni in ba a gaya mini ba, ba zan gane ta ba har abada. Haka waƙoƙin Kirsimeti 20 da Lutosławski ya shirya wa murya da fiyano a 1946, ƙasar tana kango bayan yaƙi: ɗan Poland yana jin waƙar kakarsa a sama, a ƙasa kuma fiyano yana bin wata hanya mai ɗan ɗaci da bai saba ji ba. Mu sai dai mu ji daɗin, ba mu jin bambancin.

Amma akwai na biyu, tafiyar kanta. Jinkiri, numfashi tsakanin jimla da jimla, komawa wuri ɗaya. Wannan duk wanda ya taɓa durƙusawa ko ya yi sujada jikinsa ya san shi. Wataƙila shi ya kama ki. Ko kuma albasar ce. 😄

Baba Yohanna:
Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma ai ko ba ka san tsuntsun ba kana gane na asuba da na dare.

Istifanus:
Na dawo da rahoto. Jiya da yamma na ce bari in gwada abin ta ɗaya gefen. Na roƙi Babca izinin taɓa fiyanon, na kaɗa mata wata waƙa da Zumuntar Mata ke yi a garinmu in an yi rashi. Ita aka yi ranar da aka binne kakata, ni ko farkonta na ji sai maƙogwarona ya toshe. Na kaɗa ta yadda muke yi, ban ƙara ban rage ba.

Babca ta saurara tana kaɗa kai, har da taɓa ƙafa a ƙasa. Da na gama ta tafa mini, ta tambaye ni wai a wajen biki ake yin ta? Wai ko ta amarya ce?

Na ce mata ta jana'iza ce. Ta yi shiru, ta ce in sake. Na sake, a karo na biyu ba ta taɓa ƙafa ba. Sai ta ce in rubuta mata kalmomin da ma'anarsu, ta ɗauko wani tsohon ambulan na kuɗin wuta ta ba ni bayansa.

Kwamared Aminu:
Ka gani. Sai da aka ba ta takarda.

Malam Nasiru:
Kalmomin ta nema. Ku dai rubuta wannan.

Sale Ɗan Makaɗa:
Ta nema ne don ba takenta ba ne, Malam. Ranar nata ai ba ta nemi ambulan ba.

Anti Rifkatu:
Istifanus, ka ce wa jikar ta kunna maka kashi na biyu na Kilar in tsohuwar na kusa, kada ka gaya mata ko mene ne, ka ga me za ta ce. Kuma fiyanon nan da ka turo a bidiyo yana neman gyaran sauti, maɓallan tsakiya sun sauka. Ka faɗa musu da dabara.

Baba Yohanna:
Wace waƙar ce ka kaɗa mata, ɗana? Turo mini ta gefe. In wadda nake zato ce, ai kun saba gudu da ita, mu a da ba haka muke jan ta ba.